Maratayin Mandolin

Mijina makaɗi ne, kuma tun da uwata ta haife ni ban ga mai taurin kai irinsa ba. Abin kiɗansa mandolin, wata 'yar ƙaramar jita mai tsirkiya takwas, bayanta a kumbure kamar rabin ƙwarya. A zaune yake kaɗa ta a ɗakin cin abinci na wani otal. Ya matse ta a ƙirji da damtsen dama, yatsu biyu riƙe da ɗan farcen robar da ake kaɗawa da shi, hannun hagu kuma yana yawo a wuyanta. In ya ga samari sun rataya jita suna tsalle, sai ya ja tsaki ya ce, "Wannan ai talla ce, ba kiɗa ba."

Sai ciwo ya zo da rana tsaka. Yana shan shayi kofin ya suɓuce, bakinsa ya karkace, ɓarin dama ya mutu. Da aka sallame mu daga asibiti, likitar da ke masa gashi da motsa gaɓoɓi ta zaunar da mu ta faɗa mana gaskiya ba kwana-kwana. Ta ce hannun zai iya dawowa, amma sai an sa shi aiki yanzu, tun jijiyoyin ba su sandare ba. Da ta ji sana'arsa har tafi ta yi.

"Baba, ai maganinka na gida. Kullum ka ɗauki abin kiɗanka, ko da ƙara ɗaya za ka fitar. In aka bari yatsun nan suka naɗe, ni ba ni da abin da zan iya."

Ya gwada, ba zan yi masa ƙarya ba. Yatsun suna iya kama farcen robar, da rawa da komai. Damtsen ne ya ƙi. Da ya ɗora mandolin a ƙirji sai ta zame, ya gyara, ta sake zamewa. Rannan ta kufce ta bugi ƙafar kujera. Ya duba ta ciki da baya, ya mayar da ita akwatinta ya rufe.

Ni tela ce, kekena na nan a bakin tagar falo. Na ce, "Baban yara, wannan ai ba abin tashin hankali ba ne. In ɗinka mata maratayi, ta tsaya da kanta."

"A ina za ki maƙala shi?"

A gindinta akwai wani ɗan maɓalli, wannan ba matsala. Ɗaya bakin ne babu wurin kamawa. Na zagaya tsumma a wuyanta na ƙulle, sai ya danne tsirkiyoyin, sauti ya mutu murus, ga shi ya tare wa hannun hagu hanya. Babban ɗanmu ya aiko da maratayi na kanti, baƙi mai sheƙi, an haɗo shi da kusa mai murɗi da maɓalli na biyu. Wai a huda katakon daga inda wuya ya haɗu da jiki. Kafintan da ke ƙasan benenmu ya hau da injin hudarsa, ya ce kafin shayi ya huce ya gama.

Wayyo, maigidan ka ce wuƙa aka nuna wa ɗansa. Ya rungume akwatin da hannun lafiyar, maganar na fita a karkace: "Ba mai huda ta ina da rai."

"To ai ran ne muke neman mu gyara!"

"In katakon ya tsage fa? Ke za ki ɗinke shi da kekenki?"

Kafinta ya naɗe wayarsa ya sauka. Ni kuwa ranar har maƙwabta sun ji muryata. Na ce masa katako ne fa, ba hanci ba ne. Na ce an yi gudun gara an faɗa gidan zago, ana tattalin itace hannu na lalacewa. Ko kallona bai yi ba, ya juya fuska bango.

Wani abin haushin kuma, ya hana abokan kiɗansa shigowa. Wai kada su ga bakinsa a karkace, miyau na zuba. In ya ji muryarsu a matakala sai ya ja ƙafa ya shige ɗaki ya murɗa makulli. Girman kai rawanin tsiya. Su zauna a falo su sha ruwa, su yi ta kallon ƙofar, su tashi. A hankali duk suka ɗauke ƙafa, sai Tsinke, mai gangarsu, wani siriri da ba ya jin kora.

Muka yi ta ja, ni da shi. In kawo maganar da safe, ya kau da kai. In kawo ta da yamma, ya ce na cika mita. Wajen likita ma ya fara noƙewa, yau jiri, gobe ruwan sama. Ina kallon hannun nan a kan cinyarsa, yatsun na lanƙwashewa cikin tafi kaɗan-kaɗan. In na zo yanke masa farce sai na ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya. Wallahi tsoro nake ji, tsoron kuma sai ya fito mini a faɗa.

Ran da Tsinke ya yi sa'a, barci ne ya kwashe maigidan a kujerar falo. Na buɗe ƙofa a hankali na ce ya shigo. Yana farkawa ya gan shi a kansa, ya kai hannu zai rufe baki.

"Haba Yaya, me za ka ɓoye? Da can ma ai ba kyau ne da kai ba."

Dariya ta ƙwace masa, ta farko tun kwanciyarsa. Suka taɓa hira, Tsinke ya tambayi mandolin. Ni kuwa da ma a cike nake, na zazzage masa komai: zamewa, tsumma, kusa, kafinta.

Tsinke ya dube ni, ya dube shi. "Huda kuma? Wa ya ce sai an huda?"

Ya sunkuya ya zare igiyar takalminsa. Ya ce a miƙo akwatin da maratayin kantin. Baki ɗaya ya maƙala a maɓallin gindi. Ɗaya bakin ya zura masa igiyar, sannan ya cusa ta can sama wajen kan mandolin, ta ƙarƙashin tsirkiyoyin, tsakaninsu da katako, inda hannu ba ya kaiwa. Ya zagayo ya yi ƙulli biyu. Ya ce haka ya ga wani baƙon makaɗi ya yi, shekarun baya, lokacin Yaya na can gefe yana jan tsaki.

Shi ke nan fa. Ko ruwan da na kawo masa bai kai ga sha ba.

Muka rataya wa maigidan mandolin. Na gyara tsawon har ta zauna daidai inda ta saba zama. Ya saki hannu, ta tsaya cak a ƙirjinsa, ba zamewa ba karkata. Ya taɓa tsirkiya da babban yatsan hagu, sautin ya fito garau. Na ga idonsa ya kawo ruwa, nawa ma haka.

Tsinke ya ɗauko farcen robar daga akwati ya sa masa a hannun dama. Ya faɗi ƙasa. Ya ɗauka ya sake sawa, ya matse masa yatsun da nasa. Yana saki ya sake faɗuwa. Na durƙusa na ɓamɓare babban yatsa da manuni, na cusa farcen a tsakani, ina cewa, "Riƙe mana, Baban yara, don Allah riƙe." Ya cije leɓe, jijiyar wuyansa ta tashi, gumi ya keto masa. Hannun ko motsi bai yi ba. Na kawo zare na ɗaure farcen a yatsan, nan ma wuyan hannun ya ƙi lanƙwasuwa, ya tsaya a dunƙule a kan tsirkiyoyin.

Can sai na ga hannun hagun ya kama wuyan mandolin ya fara tafiya. Yatsun na hawa suna sauka, da sauri, ba kuskure, kamar jiya ya ajiye. Babu abin da ke fita sai ɗan ƙiƙi na fata a kan waya. Tsinke ya zuba wa yatsun ido, ya gane waƙar, ya shiga buga cinyarsa a hankali yana bin su. Su biyu suna jin abinsu. Ni da na yi rabin rayuwata ina sauraron mutumin nan ta bayan ƙarar keke, ban san ko wacce yake kaɗawa ba. Haka suka kai ta har ƙarshe.

Sannan maigidan ya ce in cire masa. Na ɗaga maratayin ta saman kansa, na kwance zaren daga yatsansa. Ya tura wa Tsinke mandolin da hannu ɗaya.

"Ka nemi mai hannu biyu ka ba shi."

"Haba Yaya, a dai ƙara gwadawa. A koma wajen likita."

"Ta riga ta faɗa mini tun da wuri. Ni ne ban ji ba."

Tsinke ya sa hannu zai kwance igiyar takalminsa, maigidan ya girgiza kai.

"Bar ta a jiki. Kada shi ma ya tsaya nema."