Agogon Kyamara Ya Yi Gaba

Sati biyu da rasuwar Yayansa, Auta ya shigo da matar Yayan ɗakin da yake tace fim, ya share mata kujerar da ba ta karye ba. A da da sun fara tsokanar juna tun daga ƙofa. Yau ko gaisuwar da ƙyar ta fito.

Yaya mai haɗa fitilu ne a wurin ɗaukar fim, a bakin aikin ma zuciyarsa ta buga. Da safen ranar sun yi cacar baki da ita a kan abin da bai kai ya kawo ba, ya yi mata sallama ta share shi. Bayan rasuwar sai mai kyamara ya ce jim kaɗan kafin ya faɗi, Yaya ya tsaya gaban kyamara ya yi magana, ya ce a kai wa maiɗakinsa. Me ya ce, oho, shi mai kyamara hankalinsa na kan gilashin kyamararsa. Abin da ta zo ji ke nan: ya huce ko da fushinta ya tafi.

Matsalar ita ce kyamarar tana kan sulo, wato ɗaukar da ke sa motsi ya fito a hankali, kuma a haka ba ta ɗaukar murya. Auta bai damu ba. Mai sauti yana da na'urarsa daban, kuma ita da kyamara kowace tana buga lambar lokaci, taimkod, a kan abin da ta ɗauka. Ka haɗa lamba da lamba, baki ya haɗu da murya. Ya yi hakan har ya gaji, ko ido rufe zai yi.

"Anti, ga shi nan," in ji shi, ya danna ba tare da ya fara saurara shi kaɗai ba.

Fuskar Yaya ta cika allo, yana murmushi, leɓɓansa na motsi a hankali. Sai ga ihu daga sifika. "Ku riƙe shi! Ku kwance masa maɓalli!"

Auta ya yi wuf ya tsayar da hoton. Ɗan koyo ma ya san a sulo agogon kyamara gudu yake, yana ƙirga hotuna da yawa a daƙiƙa ɗaya, ga shi ranar an yi ta sulo tun hantsi. Lambar ta tsere wa ta sauti, ta sauka daidai lokacin da Yaya yake ƙasa, mai sauti ya yar da na'ura a kunne ya ruga. Baƙin ciki ne ya mantar da Auta wannan, amma wa zai faɗa wa haka?

Ya koma baya neman ainihin wurin. Babu komai. Da an ce sulo, mai sauti kashe na'ura yake ya je shan ruwa, sai an gama ya sake kunnawa, haka kowa yake yi.

"Anti, ki yafe mini. Ba a ɗauka ba. Bari in cire wancan."

"Kar ka cire." Ta jawo kujera kusa da sifika. "Ba na wurin, Auta. Mayar mini, in ji ko ya kira ni."

Ya so ya ƙi, ya kasa. Suka saurara har ƙarshe, Yaya na ta murmushi a allo. An kira ruwa, an kira mota, an yi ta kiran sunan Allah. Daga Yaya, numfashi kawai aka ji.