Sikelin Mufida

Ranar wata Talata, Asta tana tsakar gidanta a Dei-Dei tana juya sabulu a baho, sai ga Malama Serah a tsaye, kai ba ɗankwali.

"Maman Mufida, ajiye muciyar nan," in ji ta.

Motar da ta ɗauko Mufida daga makarantarsu ta kwana a Kuje, za ta zo hutu, ita ce ta kife. Waɗanda suka ciro yarinyar sun duba wayarta, suka kira lambar da ta kira ta ƙarshe. Lambar ba ta Asta ba ce. Ta wannan malamar ce, mai koya mata kemistiri.

Asta ta yi kuka har muryarta ta dushe. Amma a ƙarƙashin kukan akwai wani abu da ta ji kunyar faɗa wa kowa. Ita ta haifa, ita ta goya, ga shi wata ta riga ta jin muryar ƙarshe, ta kuma riga ta ganin gawa.

Ba ranar abin ya fara ba. Shekara uku ke nan, duk hutun da Mufida ta zo, bakinta ba ya rabuwa da "Momi Serah ta ce". Har bahon sabulu sai da matar nan ta shigo, ta bakin Mufida.

"Inna, kin ga kiret ƙwai talatin ne ko? To haka mol na kemistiri yake, sai dai shi na ƙwayoyin da ido ba ya gani ne. Ba a iya ƙirga su, awo ake yi. Kowace ƙwayar mai, soda uku take ci. In kin zuba fiye da haka, ragowar ba ta da abokin haɗuwa, sai ta koma kan hannunki."

"Momin taki ta taɓa yin sabulu? Shekara ashirin ina awo da gwangwanin madara."

"Shi ya sa hannun naki kamar ɓawon rogo."

Asta ta jefe ta da soso, yarinyar ta kauce tana dariya.

Bayan sadakar arba'in Malama Serah ta dawo da jakar Mufida, wadda aka damƙa mata a asibiti. Asta ba ta ko shimfiɗa mata tabarma ba.

"Ki riƙe abinki. Ai ɗiyarki ce, ke ta kira."

Malamar ta zauna a kan turmi, ta zaro ƙaramin sikeli da littafi daga jakar.

"Kin san abin da ta kira ni a kai? Cewa ta yi in sake duba mata lissafin nan kafin ta iso gida. Man alayyadi kilo ɗaya, soda giram ɗari da sittin. Sati biyu tana damuna da shi. Ta ce hutun nan sai hannun Innarta ya warke."

Asta ba ta iya karatun boko ba, amma ta san lamba. A ƙasan lissafin an zana gwangwanin madara, an soke shi da jan biro har takardar ta huje. Dariya ta suɓuce mata, sannan ta rufe fuska da mayafi.

Ba ta yi wa malamar godiya ba. Abin da ya zo ranta shi ne, ko maganin hannunta ma sai da ya biya ta wajen wata. Har yau in Serah ta bugo waya, sai ta kusa tsinkewa take ɗauka.

Hannun dai ya warke. Kullum da safe Asta tana ɗora soda a sikelin, tana ragewa da bakin cokali har lambar ta tsaya daidai. In ta gama, ta goge shi da gefen zaninta, ta mayar da shi jakar.