Kujerun Kawu Kaz

"Ko kyauta suka ba ni, ba na so," in ji Kawu Kaz, yana zare ƙaya daga kifinsa. "Sun sallami Jessup, sun bar Varga. Me zan je kallo?"

"Kawu, a ƙara wa Varga shekara ɗaya mana," na ce. "Ɗaya tak."

Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau, ya daɗe yana dubana, kamar wata baƙuwa ce ta zauna a teburinsa bisa kuskure.

Juma'a ce cikin azumin da muke yi kafin Ista, ranar da ba a cin nama, kuma ɗakin ƙasa na cocin unguwarsu ya cika ya batse. Ƙamshin soyayyen kifi ya kama riguna da gashin kowa. Duk watan Maris mu 'yan layi na sha tara muke haɗuwa a nan, mu da muke zama a ɓangaren filin wasa inda iskar tafki ke fara sauka kafin ta isa ga sauran jama'a. Babu wasan ƙwallon Amurka a wannan lokacin, sai watan Satumba. Abin da ake da shi kawai labarin wanda aka saya da wanda aka kora, don haka kowane tebur ya zama kotu.

A bana hukuncin ya zo ɗaya. Jessup, mai jifan ƙwallonmu, wanda ya tsufa a hannunmu, an ce masa ya kwashe kayansa. An ce za a ɗauko wani yaro daga jami'a a madadinsa. Shi kuwa koci Varga, wanda duk gari ya kwana yana jiran labarin korarsa, sai aka ji an sabunta masa kwantiragi.

Kawu Kaz ba kawuna ba ne, duk layin ne ke kiransa haka. Kujeru biyu yake riƙe da su tun kafin a haife ni, ta bakwai da ta takwas. Ta bakwai tasa ce. Ta takwas ta ɗan ƙanwarsa ce, Lyle, mai gyaran injin ɗumama gidaje. Ta tara tawa ce. Ranar Litinin za a rufe sabunta tikitin shekara, wanda bai biya ba a ba wa wani wurinsa.

Shekara huɗu kenan kafaɗata tana jingine da ta Lyle. Na san yadda yake riƙe numfashi idan ƙwallo tana sama. Na san idan muka ci sai ya ɗaga ni cak, ya sauke ni, sannan ya ce in yi haƙuri. Na san yana zuwa da safar hannu biyu don ya lura ina manta tawa, bai kuma taɓa cewa don ni ya kawo ba. Amma ban san lambar wayarsa ba, ban san layin gidansu ba. Duk maganar da muka taɓa yi a duniya ta ƙwallo ce. Idan Kawu ya saki kujerun nan, wasu baƙi za su zauna a gefena, ni da Lyle kuma sai dai wata Juma'ar kifi, idan ma ya zo.

Shi ya sa na zauna ina kare Varga, mutumin da na tsana fiye da ciwon haƙori.

Na ce raunin 'yan wasa ne ya karya shi bara. Na ce masu tsaron gaba ba su da ƙarfi, ko wane koci aka kawo haka za ta kasance. Na ce yaron jami'ar nan an ce hannunsa kamar bindiga, kuma matasa sun fi jin maganar koci irin Varga mai sanyin hali. Ina faɗa ina jin kunyar bakina.

Lyle yana zaune a gefen kawunsa, ya ajiye hularsa a kan tebur. A wannan ɗakin kaɗai nake ganin gashinsa. Ya saurare ni har ƙarshe, idanunsa suna ƙyalli, don babu abin da yake so kamar musu.

"Renata, ke ce kuwa?" ya ce. "Ba ke ba ce a wasan ƙarshe kika hau kujera kina kiransa matsoraci har wata mata ta toshe wa ɗanta kunne?"

"Sanyi ne ya taɓa min kai ranar."

"Saura yadi ɗaya fa. Yadi ɗaya, dama ta huɗu wadda ita ce ta ƙarshe, ana binmu maki uku, ya ce a buga ƙwallon a miƙa musu. Kika ce ko titi aka ce ya tsallaka sai ya nemi wani ya tsallaka masa."

Kawu Kaz ya yi dariya har ya ƙware, sai da Lyle ya bubbuga masa baya.

Daga nan Lyle ya bi hujjojina ɗaya bayan ɗaya yana rushewa, cikin ladabi da jin daɗi, yana zana 'yan wasa da cokali mai yatsu a cikin kwaɗon kabejin da ya rage a farantinsa. Ya nuna min cewa raunin ya zo ne bayan an riga an sha kashi sau biyar. Ya tuna min cewa Varga ne da kansa ya zaɓi masu tsaron da nake zargi. Yaron jami'ar kuwa, in ji shi, gwiwarsa an taɓa yi mata aiki. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, yawancinsa ma daga bakina ya fara jin shi. Na zauna ina kallon mutumin da nake so yana haƙa wa zamanmu kabari da hannunsa, yana murmushi, yana jiran in yaba masa.

Na tambaye shi ko shi ba zai yi kewar filin ba. Ya juya hularsa a kan tebur, ya ce kujerun na Kawu ne, abin da Kawu ya ce shi ke nan.

Ana cikin haka wata dattijuwa ta leƙo daga kicin da tsumma a hannu, ta ce ina yaron Kaz, wutar kaskon tuya ɗaya ta mutu ga layi har bakin matakala. Lyle ya miƙe da sauri, ya ce kada in gudu, bai gama da ni ba.

Muka rage ni da Kawu. Ya ture farantinsa gefe. Hannunsa ya sauka a kan gwiwarsa ta dama yana murzawa a hankali, kamar bai san yana yi ba.

"Kin san yadda suka gaya wa Jessup?" ya ce. "A waya. Mutum ya ba su ƙafafunsa biyu da kafaɗa, suka kira shi a waya."

Na ce na karanta, kuma abin ya yi min ciwo.

Ya ce ya san dalilinsu. Jessup ba ya iya gudu kuma. A wasan Disamba kowa ya ga yadda yake tashi daga ƙasa, hannu ɗaya a gwiwa, yana yi kamar igiyar takalmi yake gyarawa. Ya ce shi ya gane wannan gyaran takalmin, don a ranar shi ma sau uku ya tsaya gyara nasa kafin ya kai layi na sha tara.

Na tuna. Na tuna Lyle yana gaba da kofunan shayin koko, ni ina baya, Kawu ya durƙusa a kwanar matakala mutane suna kewaye shi. Takalmin da ya sa ranar ma ba mai igiya ba ne.

Likita ya ce gwiwar ta ƙare, in ji shi, kuma zuciyar ba ta son hawa cikin sanyi. Na ce akwai kujerun ƙasa da ake ware wa masu lalura, ana shiga ta lif. Ya harare ni. Ya ce shi da ya ga wasan da aka yi cikin dusar ƙanƙara har gwiwa daga layi na sha tara ba zai koma inda ake jera kekuna a lulluɓe shi da bargo ba. Na ce to ya mayar da kujerun da sunan Lyle. Ya ce ya yi masa tayin. Lyle ya ce ba zai je ya zauna a fili ba alhali kawunsa yana gida shi kaɗai gaban talabijin, duk Lahadi a falonsa zai yini.

"Bai san maganar gwiwar ba, kuma ba za ki gaya masa ba," ya ce. "In ya sani, goya ni zai yi ya hau da ni a gaban mutum dubu saba'in. Gara gari ya ce Kaz ya yi fushi da Varga da a ce Kaz ya kasa hawa bene."

Idanuna suka cika. Na ɗauki takardar goge hannu na yi kamar yaji ne, alhali babu wanda ya taɓa jin yaji a kifin cocin nan.

"Ke kuma, 'yata," ya ce, muryarsa ta yi laushi, "tun yaushe kika fara ƙaunar Varga?"

Fuskata ce ta amsa, na ji zafinta har kunne.

Ya gyaɗa kai, ya jawo farantinsa ya ci gaba da neman ƙaya. Ya ce yaron nan a gyaran inji babu kamarsa, yana jin ƙarar tukunyar ɗumama gida daga bakin ƙofa ya faɗi abin da ke damunta, amma sauran al'amuran duniya in ba a rubuta masa a babban allon fili da fitilu ba, ba ya gani.

Na zauna ina tunanin kujerata. A laburare nake aiki, kwana shida ina magana ƙasa-ƙasa ina roƙon wasu su yi haka. Lahadin wasa ce kaɗai ranar da nake jin ƙarshen muryata. Na daɗe a layin jira kafin a ba ni wannan kujerar, ranar da takardar ta zo na yi rawa ni kaɗai a kicin. Ina son hayaƙin gashin nama a wurin ajiye motoci tun da safe, ina son yadda simintin ke rawa ƙarƙashin ƙafa idan jama'a suka miƙe gaba ɗaya, ina son ma iskar tafkin da ke sa hanci zuba. Na yi ƙoƙarin ganin kaina a can a watan Satumba, ƙwallo tana sama, na juya hagu in kama hannu. Na ga wani baƙo da ban sani ba yana duba wayarsa.

Lyle ya dawo yana goge hannu, da baƙin mai a goshinsa da farantin pirogi, wato 'yan curin fulawa masu dankali a ciki, da matan kicin suka ba shi ladan aiki. Ya ajiye shi a tsakiya, ya zauna, ya ce to, ina muka tsaya, saura maganar masu tsaron baya.

Na ce ba sai ya wahalar da kansa ba, Kawu ya gama da ni. Na ce Varga matsoraci ne tun ranar da ya zo, kuma duk wanda ya sallami Jessup a waya bai cancanci a hau masa bene cikin sanyi ba. Na faɗa da ƙarfi har mutanen teburin baya suka tafa, wani ya ɗaga kofinsa. Kawu Kaz bai ɗago ba, amma na ga gefen bakinsa yana motsi.

Lyle ya yi dariya, sannan dariyar ta tsaya a rabi. Ina jin a lokacin ne lissafin ya fara isa gare shi, don ya dubi kawunsa, ya dube ni, ya sauke ido kan pirogin.

"To ke kaɗai za ki rage a layin kenan," ya ce a hankali. "Wa zai riƙa kawo miki safar hannu?"

Na dafa tebur da hannu biyu.

"Babu wanda zai rage," na ce. "Ni ma na saki tawa. Kawu, ka sa a share falo, duk Lahadi ina nan tafe da tukunyar wake da nama, kuma ina gargaɗinka, ihu nake yi. Lyle, ban san gidan ba, kai za ka riƙa zuwa ɗaukata."