Takalmin Alhaji Dogo

A da, a wurin da ake horar da likitocin iyali a Parakou, idan ɗalibi ya ci jarrabawar takarda, ya kuma cika watanninsa a asibitin ƙauye, sai a sa masa hannu ya kama gabansa. Babu mai zuwa ya ga yadda yake yi da marar lafiya in an turo ƙofa. Likita Ramatu Ashafa ce ta dage a kwamitin malamai har aka sauya wannan. Sabon tsari ya ce dole malami ya je inda ɗalibi yake aiki, ya zauna a kusurwar ɗaki, ya gwada abin da idonsa ya gani da ƙa'idar da aka amince da ita. Wanda bai cika ba, a ƙara masa lokaci. Wasu malaman da baki kawai suka yarda. Ɗaya ma ya ce mata da Faransanci a gaban kowa, "Za mu gani ran da abin ya faɗo kan ɗan unguwarku."

Ba a jima ba kuwa ya faɗo. Muntari, ɗan Alhaji Rilwanu dillalin shanu, yana ƙarasa sitaj ɗinsa, wato watannin koyon aiki, a wani ƙaramin asibiti wajen Partago, cikin ƙasar Djougou. Gidansu a unguwar Ganou ta Parakou katanga ce kawai ta raba shi da gidan su Ramatu, Ramatu ma ta goya Muntari yana jariri. Da akwai wani malami mai jin Hausa da shi za a tura, amma babu, ga shi kuma masu zuwa wurin Muntari da yawa Hausa suke yi, sai aka tura Ramatu. Yaron shi ne kan gaba a ajinsu. Mahaifinsa ya riga ya shaida wa duk 'yan kara, kasuwar shanu, cewa a daminar nan ɗansa zai gama, kowa ya shirya cin walima.

Ramatu ta isa asibitin ranar kasuwa, da hantsi.

"Sannu da zuwa, Gwaggo."

"A nan babu Gwaggo. Madam."

"To, sannu da zuwa, Madam Gwaggo."

Ta harare shi, ta ja kujera zuwa kusurwa.

Aikinsa ya yi mata daɗi. Ya duba wani yaro mai zazzaɓi ba tare da gaggawa ba, ya sa uwar ta maimaita masa yadda za ta ba da magani. Wani tsohon manomi mai ciwon suga ya shigo, Muntari ya sa shi ya cire takalmi, ya bi yatsun ƙafarsa ɗaya bayan ɗaya yana tambayarsa ko yana jin taɓawa. Haka ƙa'ida ta ce a yi wa kowane mai wannan ciwo, domin ciwon yakan kashe jin ƙafa, mutum ya taka ƙaya bai sani ba har wurin ya ruɓe.

Sai ga Alhaji Dogo, babban mahauci daga Djougou, aminin Alhaji Rilwanu tun suna samari. Shi ma suga ke damunsa. Ya shigo da dogon takalmin roba, irin na shiga taɓon kara. Muntari ya miƙe, ya zare nasa takalmin, ya durƙusa ya gaishe shi, gaisuwa mai tsawo.

Tsohon ya hango Ramatu. "Wa nake gani kamar 'yar Ashafa? Ke ma ciwo ne, ko gadin yaron kika zo yi kada ya gudu?"

"Kallo na zo yi, Baba."

"Kallo? Har biyan mutum ake yi ya yi kallo? A rubuta sunana ni ma."

Muntari ya auna masa suga, ya auna jini, ya yi masa maganar abinci kansa a sunkuye.

"Shayi na rage," in ji Alhaji Dogo. "Amma sakwara, in na bar ta me zan ci a Djougou? Iska?"

Aka rubuta magani, tsohon ya dafa gwiwa ya tashi. Tsarin ya hana malami sa baki sai in akwai cutarwa. Ramatu ta san in ta yi shiru babu wanda zai ji labari a Parakou. Ta ce, "Likita, ƙafa."

Muntari ya dubi ƙasa, bai motsa ba.

"Baba, a yi haƙuri a koma a zauna," ta ce. "Ba a duba ƙafa ba."

"Ƙafar da ta kawo ni? Ba ta kai ƙara ba. Kuma wa zai duba? Wannan da ni na yanka ragon sunansa?"

Duk da haka ya zauna, ya tuɓe takalmin da kansa yana gunaguni. A ƙarƙashin babban yatsan dama akwai wani rauni kamar ƙwayar gyaɗa, bakinsa ya yi fari. Muntari ya danna gefensa, tsohon bai ji komai ba.

"Wannan ɗan abin? Ko ƙuda ba zai tsaya masa ba."

Ganin raunin ya sa Muntari ya manta da kunya. Ya wanke wurin, ya naɗe shi, ya yi wa tsohon bayani da murya sosai, ya hana shi shiga taɓo, ya sa masa ranar dawowa.

Da ɗakin ya rage su biyu, Ramatu ta ce, "Tun yaushe yake zuwa wurinka?"

"Tun farkon sitaj."

"Ka taɓa ganin ƙafarsa?"

"Gwaggo, a gidanmu ƙarami ne ke cire takalmi gaban babba. Da wane baki zan ce wa Baba Dogo ya cire nasa a gabana?"

"Manomin ɗazu ai shi ma tsoho ne."

"Shi bai san babana ba."

"Sauran dattawan zangon Hausawa fa?"

Ya sunkuyar da kai. Ta gane ba rashin sani ba ne, yana iya karanto mata babin da ka. Tarbiyya ce, irin wadda ita ma aka yi mata. Saboda wannan tarbiyyar ne ma dattawan Djougou suke wuce asibitocin cikin gari su zo wurinsa, suna cewa yaron Rilwanu ya san girman mutane.

"Ba zan sa hannu ba bana," ta ce. "Za a ƙara maka lokaci, zan riƙa dawowa."

"Don ɗan wannan rauni?"

"Don waɗanda ba a gani ba."

"Babana ya riga ya gaya wa mutane."

"Ni zan gaya masa."

A Parakou ta faɗa wa kwamiti abin da ta gani, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Ta kuma nemi a riƙa koya wa ɗalibai yadda ake duba dattawan gida, tun da a cikin danginsu mafi yawansu za su yi aiki. Aka amince.

Bayan la'asar Ramatu ta shiga wurin Alhaji Rilwanu, ta same shi a zaure. Ya saurare ta har ta kai aya.

"Wato laifin yarona shi ne yana da kunya."

"Ba laifi ba ne, Yaya. Sai dai kunyar tana iya cin ƙafar amininka."

"Ke da kika goya shi."

"Shi ya sa na zo da kaina, ban aiko ba."

Ya ja carbinsa, sannan ya ce, "Na ji." Bai ce ta gai da gida ba, bai taka mata ko zuwa bakin ƙofa ba. Aka ɗaga walima. Daga ranar gaisuwarsu ta koma ta kan hanya, lafiya lau, lafiya lau, kowa ya wuce.

Da ranar komawarta ta zagayo, ta hau mota zuwa Djougou, ta ƙarasa Partago a kan babur. Bencin bakin ƙofa bai cika kamar da ba. Muntari ya gaishe ta da Madam, bai haɗa da komai ba.

"Labari ya bazu a zango," ya ce. "Wai yaron Rilwanu ya fara sa iyayensa tuɓe takalmi. Da yawansu sun daina zuwa."

"Waɗanda suka zo fa?"

"Na duba su."

"Baba Dogo?"

"Ya dawo, yana ta zagina. Raunin ya fara kamewa."

Ta ajiye jakarta, ta zauna. "To, kira na gaba."