Hoton Goje Kafin a Loda Shi

A Ɗankaza akwai wani manomi, Gwadabe, mai wani san huɗa da ake kira Goje. Ƙahonsa ɗaya ya dubi sama, ɗaya ya dubi ƙasa, kamar Allah ya fara wani sa ya ƙarasa da wani. Damina goma sha ɗaya suka yi tare. Da Goje ya tsufa, gida ya yanke a kai shi kara, kasuwar shanu ta Wudil, ranar Juma'a. Gwadabe bai yi musu ba, amma ya ce sai ya sami hotonsa na takarda. Ya daina yarda da waya tun da tasa ta faɗa kogi da hotunan jikokinsa a ciki.

Ran Laraba ya je wurin mai gwanjo kusa da gada, tare da Bulus, ma'aikacin jami'a mai sayen gero a hannunsa. Ƙananan kyamarori uku ne a tabarma. Gwadabe ya ɗauki mai ruwan zinare.

"Baba, ajiye ta," in ji Bulus. "Batirinta sai Legas. Ga baƙar nan, batirin rediyo take ci." Ya duba idonta ba hazo, ya danna, wuta ta walƙa. "Ba ruwanka da saiti. Ka ba rana baya, ka ja taku huɗu, ka danna. Zan sa maka fim. Amma murfin bayan nan, ko aljani ya roƙe ka, kar ka buɗe."

Ran Alhamis Gwadabe ya ɗauki Goje hoto sau goma sha biyar. Sannan ya kai kyamarar wurin yayansa Isyaku, don a gidansu ba a morar sabon abu sai babba ya sa masa albarka. Isyaku ya tofa addu'a, ya jujjuya ta.

"Ko buhu sai an soka ake sanin abin da ke ciki," ya ce, ya ɓalle murfin a tsakiyar rana.

Gwadabe yana gani, amma wa ke fizge abu daga hannun yayansa?

"Ina san? Babu sa a nan, sai wani baƙin zare mai faɗi. An cuce ka, ƙane."

Da safe dillali ya zo ya ja Goje. Gwadabe ya tari Bulus a ƙofar jami'a, ya ba shi labari kamar mai kai ta'aziyya.

"Waɗanda ka ɗauka rana ta cinye," in ji Bulus. "Amma ragowar fim ɗin da ke naɗe a gwangwaninsa na nan da rai. Ka danna uku a banza, saura naka ne. Ina san?"

"Yana kara."

"To me muke yi a nan? Hau babur!"

Kara ta cika, shanu ba iyaka. Sai da suka zaga sau biyu Gwadabe ya hango shi, ana shirin tura shi cikin motar kudu.

"Ku tsaya don Allah!"

"Tsoho, fasfo za a yi wa sa?" in ji direba. Aka kwashe da dariya, amma aka sassauta igiya.

Gwadabe ya ba rana baya, ya ƙirga taku, ya ce, "Goje." Sa ya juyo. Ya yi ta dannawa har kyamara ta yi ƙara ta naɗe fim da kanta.

Bayan sati biyu Bulus ya dawo daga Kano da ambulan. Rabin fim ya ƙone, amma hotuna tara sun fita. Gwadabe ya goge hannu a riga kafin ya taɓa. Ga Goje yana kallonsa, kuma a gadon bayansa ga wata balbela tsaye da ƙafa ɗaya, wadda babu wanda ya lura da ita ranar.

Ya ɗago kai ya ce, "Bulus, fim ɗin nan, ana samun wani?"