Gurbin Dangantaka

Jami'in shige da fice ya juya takardar sau biyu, ya cire tabarau, sannan ya turo wa Hilda abarta a kan tebur.

"Madam, wannan fom na 'yan ECOWAS ne. Malamarki kuwa 'yar Kamaru ce."

"Ai shi ya sa na cike shi, Malam Abdurra'uf. Kamaru ba ga ta nan a bayan gidanmu ba?"

"Tana bayan gidanmu, amma ba ta cikin ƙungiyar."

Shekara ashirin Hilda tana koyarwa, har da darasin taswira, amma Allah ya sani ba ta taɓa kawo wannan a ranta ba. A Jimeta wa ke ɗaukar mutumin Garwa baƙo? Fulatanci ɗaya, kasuwa ɗaya, har aure ana ƙullawa.

"Da daga Togo ta zo, ko Senegal can ƙarshen duniya, da abin ya zo mana da sauƙi," in ji jami'in. "Amma 'yar Kamaru a aji, sai makaranta ta nemo izinin ɗaukar baƙuwa daga Abuja. Ƙaramar makaranta irin taki kuwa..." Bai ƙarasa ba.

"To masu yankan shinkafa a Namtari fa? Duk kaka sai sun ƙetaro."

"Gona ba ta kawo mini rajistar ma'aikata. Ke kika kawo rajistarki da hannunki." Ya sassauta murya. "Ranar Juma'a izinin ziyararta zai ƙare. In aka same ta da alli a hannu, za a mayar da ita iyaka, ke kuma makarantarki ta shiga uku. A matsayin baƙuwa dai tana iya zama, in akwai mai tsaya mata. Ga fom. Akwai gurbin dangantaka a ƙasa, kuma kada ki rubuta mini ƙarya."

A cikin keke, hanyar unguwar Karewa, Hilda ta yi ta kallon gurbin nan. Ita Babacamiya ce daga Numan, Kirista. Malamar tata, Adda Khadijah, Bafulatana ce daga Gidar ta Kamaru, Musulma. Jini bai haɗa su ba, aure bai haɗa su ba. Gudu ne ya haɗa su.

Shekarar da Mubi ta faɗa hannun 'yan bindiga, Hilda tana koyarwa a can da cikin wata tara, mijinta yana Yola wajen kwas. Da ƙafa ta bi ayarin mutane ta cikin duwatsu har Kamaru. A Gidar ta zube a ƙofar wani gida, naƙuda ta kama ta. Matar gidan, wata malamar firamare, ba ta tambaye ta sunanta ba balle takarda, ta dai ce wa maƙwabciyarta ta ɗora ruwa. Ita ta karɓi haihuwar, ita ta yanke cibiya, ita ta haƙa rami a bayan ɗakinta ta binne mabiyiya. Wata huɗu Hilda ta yi a gidan tana shan kunun kanwa.

Bara mijin Adda ya rasu, 'ya'yanta suna Duwala, gida ya yi mata faɗi. Hilda ta yi ta waya har ta shawo kanta: ta zo ko zango ɗaya ta koya wa yara Faransanci. Gaskiyar magana, ba Faransancin ne ya dami Hilda ba. Ta san Adda ba za ta taɓa yarda ta zo ta zauna haka kawai ba, sai da aiki.

Da ta isa makaranta ta tarar da ita a ofis ana hutun tara, tana goge farin alli daga gefen mayafinta. Hilda ta rufe ƙofa, ta faɗa mata komai, ba ta rage ba. Kunya ta ishe ta har ta kasa ɗaga ido.

Adda ta saurara, ta gyaɗa kai. Ta ciro ragowar alli biyu daga jakarta ta ajiye a kan tebur.

"Ba komai, ƙanwata. Juma'a sai in bi mota."

"Ba inda za ki. Aji kawai aka hana."

"In zauna in yi me? In riƙa cin tuwonki ina kallon bango?"

"Ni wata huɗu me na yi a gidanki?"

"Ke jego kike."

"To ke ma ki yi jegon."

Adda ta yi dariya har ta riƙe baki, daga baya idonta ya kawo ruwa. Ta ja fom ɗin, ta bi shi da yatsa har gurbin ƙasa.

"Nan fa? In kika rubuta yaya, ƙarya ne a wurinsu. Ni ba zan sa ki yi wa hukuma ƙarya ba. Makarantar nan da wahala kika gina ta."

Sai ga ƙwanƙwasa ƙofa. Hadassah ce, 'yar Hilda, ta leƙo da littafi a hannu.

"Dada, a ina za mu tsaya a karatun?"

"Je ki, ina zuwa," in ji Adda. Yarinyar tun tana koyon magana a waya take kiranta Dada, wato uwa da Fulatanci, kuma ba wanda ya koya mata wani suna.

Bayan azahar su biyu suka koma ofishin shige da fice. Hilda ta cike ko'ina, ta bar gurbin nan fari. Malam Abdurra'uf ya duba, ya ɗago.

"Madam, kin bar mai muhimmancin."

"Ka ce kada in yi ƙarya, ni kuma ban san sunan abin ba. Ba yayata ba ce, ba surukata ba ce. Ranar da na gudo daga Mubi ita ta buɗe mini ƙofa. Mabiyiyar 'yata tana binne a bayan ɗakinta a Gidar, da hannunta ta haƙa ramin. Kai ka san aikinka, ka faɗa mini yadda ake rubuta wannan."

Jami'in ya ajiye fom ɗin. Ya dubi Adda, ya gaishe ta da Fulatanci, ta amsa kanta a ƙasa.

"A wace shekara?" ya tambaya.

Hilda ta faɗa.

"Mahaifiyata ma ta hanyar nan ta bi," in ji shi. "Har yau ban san gidan da ya ba ta ruwa ba."

Ya auna gurbin da ido, bai fi tsawon yatsa ba. Ya jawo farar takarda, ya maƙala ta a bayan fom ɗin, ya miƙo wa Hilda bironsa.

"Rubuta shi duka yadda kika faɗa mini. Zan kai wa oga da kaina. Ban yi miki alkawarin komai ba."

Hilda ta gyara zama ta fara da kwanan wata. Adda ta matso da kujerarta, ta dafa gefen takardar don kada fanka ta ɗauke ta.