Anti Nas Ta Tare Ƙofar Bas

Shekara goma sha tara Anti Nas ta yi tana karɓar haihuwa kafin asibitinsu ya tura ta ƙaro ilimi a wata ƙasa. Ta bar miji da 'ya'ya huɗu, ta je ta zauna aji ɗaya da sa'o'in ɗanta na fari, kuma su suka laƙaba mata wannan sunan. A ɗakin kwanan ɗalibai aka haɗa ta da wata yarinya 'yar ƙasarsu mai karatun haɗa magunguna, wadda kowa ke kira Auta, don ita ce auta a gidansu, kuma ba ta bari a manta.

Auta ta riga ta zuwa, kuma wata shida kacal ta iya yaren garin kamar a nan aka yanke mata cibiya. Ita kuwa Anti, karatunta da Turanci ake yi, abin da ta tsinta na yaren bai wuce na bakin gadon majinyaci ba: kwanta, ja numfashi, kada ka motsa, ina ke maka ciwo.

A watanta na biyu aka zare mata waya a cikin bas. Ba wayar ce ta dame ta ba, hotunan yaranta ne da muryar mahaifiyarta da ke ciki. Da ita da Auta suka kai ƙara, ɗan sandan ko ɗago kai bai yi ba, ya faɗi wata magana yana rubutu. Sai a hanya Auta ta yarda ta fassara mata. Wai baƙi ba su iya riƙe kayansu ba. A ofishin kula da baƙin ɗalibai kuma Madam ɗin wurin ta miƙa mata wata takarda mai shawarwari: a rataya jaka ta gaba, a guji bakin ƙofa, in an yi maka sata kada ka yi jayayya. Anti ta ninke takardar, amma abin bai bar ranta ba.

Wata safiyar Talata suka fito tare, ita za ta asibitin koyarwa, Auta za ta ɗakin gwaji. Bas ya zo cike, ba masaka tsinke. Suka kutsa, turereniya ta raba su, Auta ta maƙale kusa da ƙofar tsakiya riƙe da ƙarfe, Anti na bayanta da mutum ɗaya.

Mutumin da ke tsakaninsu tsaf yake, da kwat mai kyau da jarida a ninke a hannu, ka rantse wani babban ofis za shi. Abin da ya ja hankalin Anti shi ne, duk lokacin da direba ya taka birki kowa gaba yake yi, shi kuwa gefe yake zubewa, jikin Auta. A birki na uku ta ga yatsu biyu sun fito ta ƙarƙashin jaridar, sun shiga aljihun rigar sanyin yarinyar, sun fito da 'yar jakar da katin izinin zamanta yake ciki.

Ba ta yi shawara da zuciyarta ba. Hannun da ya saba cafe jariri mai santsi ya kai wa wuyan hannunsa damƙa.

Ya fizge, bai fizgu ba. Ya sake fizgewa, sai ta ji wani zafi ya tsaga mata tafin hannu. Ashe reza ce a tsakanin yatsunsa. Ta ƙara matsewa, ta murɗe hannun har rezar ta faɗi, jakar ma ta bi ta ƙasa, ya sa ƙafa ya shure ta cikin ƙafafun mutane. Sannan ya buɗe baki ya kama ihu yana nuna ta.

"Me yake cewa?" in ji Anti.

Auta ta juyo, idanu waje. "Wai ke kika sa masa hannu a aljihu. Anti, jini!"

"Bar jinin. Laluba aljihunki."

Auta ta laluba, sai ta ɗora hannu a ka.

Idanun bas gaba ɗaya suka dawo kan Anti. Ta san irin wannan kallon, ta sha shi a kanti da layin banki. Wata mata ta jawo jakarta ta rungume. Anti ta lalubi kalma a bakinta, ba ta sami ɓarawo ba, ba ta sami taimako ba. Abin da ke akwai shi ta fitar, da muryar da take tsawata wa mai naƙuda.

"Kada ka motsa! Kwanta! Ja numfashi!"

Wani daga baya ya tuntsire da dariya, wasu suka taya shi. Mai kwat ɗin kansa sai da ihun ya sarƙe masa.

Direba ya tsaya a tasha, ya buɗe ƙofa, ya yi magana ta lasifika.

"Wai ku sauka ku biyun ku ƙarasa a waje," in ji Auta. "Anti, don Allah ki sake shi. Katin zan nemi wani. Kada a rubuta sunanmu a wani wuri a hana mu sabunta takardu."

"In sauka da shi a titi ya ruga, ni a bar ni da sunan ɓarauniya? Uwar wa?"

Ta sauka taki ɗaya, ta zauna daɓas a kan matakalar, ta tokare ƙofar da ƙafa, tana riƙe da hannun mutumin, dole ya sunkuyo kamar mai gaishe ta. Ƙofa ta yunƙuro za ta rufe, ta daki takalminta, ta koma. Ta sake zuwa, ta koma. Bas ba ya tashi da ƙofa a buɗe.

Nan fa gunaguni ya tashi. Masu duba agogo na yi, masu tsaki na yi. Wani mai ɗaure da laktaya ya matso yana kumfar baki a kanta.

"Shi kuma fa?"

"Wai… wai ki yi haƙuri, mutane na sauri."

"Auta, ni kike wa ƙarya? Mai ba da haƙuri ba ya tofa wa mutum yawu."

"Ya ce ki koma inda kika fito."

"To gaya masa zan koma, da takardar shaidata a hannu, ranar da na ga dama. Yau dai ko ni ko shi ba mai zuwa aiki sai ɗan sanda ya zo. Kuma yadda na faɗa za ki faɗa, kada ki sa masa sukari."

Auta ta share hawaye. Ta fara a hankali, sai muryar ta buɗe, ta faɗa duka, har da ƙarin da Anti ba ta saka ba, don an ga mai laktaya ya ja da baya.

Wata tsohuwa mai kayan aikin shara, da ke zaune kusa da ƙofar, ta sunkuya da ƙyar ta laluba ƙarƙashin kujerarta. Ta ɗago da 'yar jakar, ta buɗe, ta dubi hoton katin, ta dubi Auta, sannan ta ɗaga shi sama ta juya shi kowa ya gani. Ta kwance ɗankwalin wuyanta ta miƙa wa Anti don hannun. Daga nan ta juya wajen direba ta balbale shi da faɗa, har sai da ya ɗauki waya ya kira 'yan sanda.

Minti ashirin kafin 'yan sanda su iso. Hannun Anti ya sage, jini ya jiƙa mata hannun riga. Da suka zo sai da suka ɓamɓare yatsunta daga hannun mutumin ɗaya bayan ɗaya.

Ɗinki biyar aka yi mata, kuma 'yan ajinsu ne suka yi, tana gyara musu riƙon allura. Malamin ranar ya rubuta ba ta zo aiki ba. Washegari Madam ta kira ta ofis.

"Da wuƙa ce fa?" in ji Madam da Turanci. "Da abokansa na cikin motar fa? Kina da yara."

"Gaskiyarki," in ji Anti. "Na yi wannan tunanin jiya har abinci ya gagare ni."

Madam ta turo mata takarda, wai ta sa hannu cewa an gargaɗe ta, kuma ta amince ta riƙa shiga motar makaranta kawai, wadda ke fita sau biyu a rana.

Anti ta karanta har ƙasa, ta mayar mata. "Gargaɗin na ji, na kuma gode. Amma ni ba a yanke mini da reza sannan a kulle ni a gida. Wanda ya yi yankan shi za ku kai wa takarda."

Da yamma maigidanta ya kira a waya, labari ya riga ya kai masa ta bakin uwar Auta.

"Yanzu ke da girmanki, kokawa da ƙato a mota? Karatu aka tura ki ko aikin ɗan sanda?"

"Baban yara, da 'yarka ce a motar, so kake matar da ke bayanta ta kau da kai?"

Sai ya ce, "Hannun dai da sauƙi?"

Bayan kwana huɗu suka ji an saki mai kwat kafin a shiga kotu. Auta ta ce ita ta gama da bas, ƙafa za ta riƙa takawa ko da awa guda ne. Anti kuwa ta shirya da safe, ta naɗe hannunta da sabon bandeji, ta rataya jakarta ta gaba, ta sauka.

Tana tsaye a tasha, bas ya kunno kai, sai ta ji gudu a bayanta. Auta ce, igiyar takalmi ko ɗaurewa ba ta yi ba.

"Na ɗauka ƙafa za ki taka."

"In bar ki ke kaɗai ki je ki ce wa kwandasta ya kwanta ya ja numfashi? Matsa mini, Anti, ni zan fara shiga."